JAWABIN KWAMITIN AIKIN GAYYA A BIKIN CIKAR IKKILISIYARMU SHEKARA 50, UNGUWAR GAI

 

An ba mu minti kaɗan mu yi magana a kan aikin da ba ya shiga littafin ma'aji, domin ba a taɓa biyan kowa sisi a kansa ba, wato gayyar gyaran ɗakunan tsofaffi da gwauraye kafin damina.

Ba mu muka ƙago gayya ba, gadonta muka yi. Kakanninmu suna yin ta da tulun burkutu a gindin itace. Da iyayenmu suka karɓi bishara sai suka ajiye tulun, suka riƙe aikin, kunu da tuwo suka maye gurbinsa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sukan zo da fatanya, mu ma mukan je nasu.

Ga yara da ba su gani ba, ga yadda ake yi. Tun da kaka ake yankan shuci a ɓoye, maza su yi yanta da yamma ana hira. Idan bazara ta matso sai a haƙo ƙasa a kududdufi, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsima. Wanda ya yi gaggawa ya yaɓa ɗanyen kwaɓi, ruwan farko zai tona masa asiri. Mata kuma su jiƙa ɓawon ɗorawa su fitar da makuba, wadda ke sa daɓe da yaɓe su yi ƙarfi, ruwa ya riƙa zamewa. Ranar gayya wasu suna kan jinka suna baibaya, wasu suna toshe tsagar soro da gyara indararo, samari suna tara ƙasa a gindin bango suna buɗe magudana, domin yawanci daga gindi ruwa yake kayar da ɗaki. Kafin rana ta yi sanyi an gama ɗaki biyu ko uku.

Manya a cikinmu ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa suka zube a Jihar Kano. Abin da muka lura da shi a nan shi ne, ɗakunan da aka yaɓe a bazara sun fi jurewa.

To, 'yan'uwa, ranar murna ce, amma ku yi mana haƙuri mu faɗi gaskiya. Aikin nan ya yi sanyi. Samarinmu suna tafiya cirani Kano, ba sa dawowa sai ruwa ya sauka, lokacin kuwa kowa gonarsa yake dubawa. Shuci ya yi wuya tun da an nome dajin. Mun koma kwano muna tsammani an huta, ashe gara tana cin katako, ƙusa tana sakewa, iskar farkon damina ta zo ta yaye rufin a dare ɗaya. Dutse da tsohuwar taya da muke ɗorawa a kai ba gyara ba ne. Mun zaga kafin bikin nan, mun tarar da wata uwa da ta yi shekaru tana share wannan majami'a tana kwana da kwano uku na tarar yoyo a gefen gadonta. Da hunturu kuma ƙofarta tsohon buhu ne, sai ta hura wuta a ciki, ga hayaƙi ga tsoron gobara. Mun shafe majami'a da sabon fenti domin baƙi, mun kuwa yi daidai, amma kunya ta kama mu a ƙofar ɗakin nan.

Saboda haka, da yardar dattawa, mun tsai da shawara kamar haka. Daga Asabar ta farko bayan Ista har ruwa ya sauka, kowace Asabar ta gayya ce. Za a sake kewayawa a watan Nuwamba domin ƙofofi da tagogi kafin sanyi. Zumuntar Mata za ta kawo sunayen masu bukata, gama su suke shiga ɗakuna, su suka san wanda ba zai buɗe baki ya roƙa ba. Magina da kafintocin da ke cikinmu, rana ɗaya muke roƙo a wata, ku zo ku tsaya a kan yaran su koya. Wanda ke birni bai iya zuwa ba, ya aiko da ƙusa ko fallen kwano.

Sakataren ikkilisiya yana bakin ƙofa da littafi bayan sujada. Ku rubuta suna da abin da za ku zo da shi, ko tsani, ko shebur, ko jaki na ɗaukar ƙasa. Ɗakin uwar nan da muka ambata shi ne na farko.