Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Bashi Yakan Hana



An nemi in yi magana a kan magidanta da matan aure da ke komawa makaranta bayan girma ya kama su, da kuma bashin da yakan biyo bayan wannan kyakkyawar niyya. Na karɓa ne domin abin ya taɓa cina.

Tsarin UPE na 1976 ne ya kwashe irinmu zuwa kwalejin horon malamai, muka fito da Grade II muna ganin mun gama. Da gwamnati ta mayar da NCE mafi ƙarancin takardar koyarwa, sai ga ni da 'ya'ya biyar na sake ɗaukar jaka, ina bin karatun Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna. Kuɗin rajista na lissafa, na tanada. Abin da ban lissafa ba shi ne kuɗin mota kowane ƙarshen mako, da takardun darasi, da abincin hanya, da noman da na daina yi da hannuna har sai na ɗauki 'yan ƙwadago. A shekara ta biyu na karɓi rance wurin wani ɗan kasuwa, na jinginar da gonar gado. Na karɓi takardata da shekara uku kafin in fanshi gonar nan, kuma uwargidana ce ta sayar da tumakinta aka cika kuɗin.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sayi fom, zauna da iyalinka ku rubuta abin da karatun zai ci tun daga shiga har fita, sannan ka dubi abin da takardar za ta ƙara maka. A aikin gwamnati mai NCE yakan fara daga mataki na 7, mai digiri daga mataki na 8. Idan shekara huɗu ta rage ka yi ritaya, tambayi kanka ko ƙarin zai biya bashin. Ilimi dai ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma wanda ke nemansa don kansa ba dole ne ya yi gaggawar da za ta kai shi ga mai ba da rance ba. Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana ba mutum damar ɗaukar darussa gwargwadon ƙarfinsa ba tare da ya ajiye aiki ba. Ma'aikaci kuma ya nemi hutun karatu da albashi a rubuce, kada ya tafi a kan alkawarin baki.

In rancen ya zama dole, ba duka ne ɗaya ba. Adashi da ƙungiyar gama kai ta wurin aiki sun fi sauƙi. A 2024 aka sake sa hannu a kan dokar lamunin ɗalibai, hukumar NELFUND ta fara ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, biya kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Akwai kuɗin guzuri na wata-wata da ake iya nema daban. Mai albashi ya bar wannan, domin shi ma bashi ne, ba kyauta ba. Ka fara tabbatarwa a makarantarka cewa irin karatun da za ka yi yana cikin tsarin.

Wanda nake jin tsoro shi ne rancen wayar salula da na masu cewa "kashi 5 kacal a wata". Tsohon malamin lissafi ne ke gaya muku: kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara, kafin a zo maganar tara. Ga haramcin riba, ga tonon asiri idan suka shiga aika wa surukanka saƙo.

Wanda ya riga ya afka, ya rubuta dukkan basussukansa a takarda ɗaya, ya fara kashe mai ruwa mafi tsada, ya je da ƙafarsa wurin masu binsa a tsara biya. Kada ya ci sabo don ya toshe tsoho. Jingine zango ɗaya na karatu bisa ƙa'ida ya fi sayar da gida.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ƙungiya ta ware wani kaso daga kuɗin gidauniyar bana ta buɗe asusun rance marar ruwa ga masu komawa karatu, a biya makaranta kai tsaye, kowane mai karɓa ya kawo mutum biyu daga cikinmu su tsaya masa. Na miƙa wa sakatare daftarin a rubuce domin kwamitin ilimi ya duba kafin taro na gaba.