Naman Sallah da Zuciyar Dattawanmu

  Ga Babbar Sallah ta ƙarato, raguna sun cika kasuwa, kowa na lissafin aljihunsa. To ni yau wani lissafin na zo mu yi: me za mu zuba wa Baba da Inna a kwano ranar Sallah?

Kun san yadda muke yi. Da an yanka rago, wurin da ya fi kitse shi ake ware wa tsohon gida, don girmamawa. A soya nama cikin kitsensa, a barbaɗa gishiri da yaji, a kai masa da safe, da rana, da dare, har kwana uku ko fiye. Niyya mai kyau ce. Amma idan dattijon nan yana da hawan jini, wallahi girmamawar tana iya kwantar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abin da ya ci tun safe har dare. Dalili kuwa, gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a jijiyoyi, zuciya ta riƙa turawa da wahala. Kitsen dabba kuma, idan ya yi yawa shekara da shekaru, yana taimakawa wajen toshe hanyoyin jini. Daga nan ne ake samun ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin tsoron shi ne hawan jini ba ya sallama. Hukumar ta ce kusan rabin masu ɗauke da shi a duniya ba su ma san suna da shi ba.

To, a hana tsoho naman Sallah ke nan? A'a, ko kusa. Gyara za a yi.

Na farko, zaɓen nama. A ba shi tsoka, a yanke farin kitsen kafin a ɗora tukunya. A maimakon suya, a dafa ko a gasa. Idan farfesu ne, a sauke ya huce, za ku ga mai ya taso ya daskare a sama. A kwashe shi, sannan a ɗumama. Yankan da bai wuce tafin hannunsa ba ya isa a ci ɗaya. Ƙwaƙwalwa da hanji mai kitse a bar wa samari masu bin shanu.

Na biyu, gishiri, kuma a nan ne iyayenmu mata za su taimaka. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi muna jefa uku ko huɗu sannan mu ƙara gishiri a kai. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. A rage su sannu a hankali, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da kanumfari. Kakanninmu da daddawar ɗorawa suka yi miya, kuma ba wanda ya ce ba ta yi daɗi ba. Dabara mai sauƙi: a ɗebi na tsoho a ƙaramar tukunya kafin a zuba sauran gishirin gida.

Na uku, abin da ke gefen naman. Tuwon dawa ko na gero da miyar taushe mai yawan kabewa da alayyafo, ko miyar kuɓewa, ko zogale, ya fi masa farar shinkafa da ke iyo cikin mai. Man shanu da manja a sa kaɗan. Man gyaɗa ya fi sauƙi ga zuciya, shi ma da cokali, ba da ludayi ba. 'Yan'uwa Fulani, wagashi a dafa shi cikin miya maimakon a soya. Fura da nono kuwa lafiya lau, in dai ba a cika mata sukari ba. Zobo mara sukari ya fi lemon kwalba.

Ba mu kaɗai ke wannan gyara ba. Yahudawa suna da bikin Hanuka na kwana 8, wanda al'adarsa ita ce cin abin da aka soya da mai, kamar wainar dankali. Yau wasu gidaje a cikinsu gasa ta suke yi da ɗan mai, kuma bikin bai ragu da komai ba.

Ku kuma 'yan kasuwa masu guzurin kilishi da soyayyen nama a hanyar Mango ko Burkina, ku tuna gishirin da ke hana naman lalacewa cikinku yake shiga. Kuma duk wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, kada ya ajiye shi don Sallah ko don tafiya.

Kafin Sallah, ku raka Baba da Inna asibiti mafi kusa a gwada jininsu. Minti kaɗan ne. Idan awo yana kai wa 140 bisa 90 ko ya haura, a bi shawarar ma'aikacin lafiya. Idan kuwa kun ga bakin tsoho ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. A nemi mota ko babur nan take zuwa babban asibitin Dapaong ko na Sokode.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya bar mana iyayenmu mu sake yi musu barka da Sallah baɗi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.