Kunne Ma Jari Ne: Mu Daina Ɓoye Nauyin Ji

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan)



Mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Abin da ya sa muka nemi a ba mu wannan dama shi ne wani abu da ya faru a tsakaninmu. Akwai wani dattijonmu, ba sai mun ambaci suna ba, wanda ya daina zama a majalisa. In an gaishe shi sai ya wuce. Aka fara cewa kuɗi sun sa masa girman kai. Rannan aka yi ciniki da shi ta waya, aka ce sittin, shi kuwa ya ji tis'in, har rigima ta kai gaban manya. Nan ne ya fashe da kuka, ya ce shekara uku ke nan ba ya jin magana sosai, kunya ce ta hana shi faɗa. Jama'a, mun ɗauki alhakin bawan Allah nan, kuma irinsa suna da yawa a cikinmu.

Da muka raka shi asibiti, ga abin da muka koyo. Sauti yana shiga kunne ya kaɗa dodon kunne, dodon ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa guda 3, su kuma su miƙa motsin zuwa can ciki, wani wuri mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi masu siraran gashi, su ke aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma in sun mutu ba sa sake fitowa. To ku duba zamanmu: janareto a ƙofar shago tun safe har dare, injin niƙa, hon ɗin manyan motoci a Bodija da Shasha, lasifikar biki, ga samarinmu da abin sauraro cushe a kunne. Masana suna auna ƙara da abin da suke kira desibal, kuma sun ce wanda ke wuni awa 8 cikin ƙarar da ta kai 85 yana cikin haɗari. Mu da ba mu da na'urar awo, ga ma'auni mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya daga gare ka ya ji ka, to ƙarar wurin tana cin kunnenka.

Abin ba ya zuwa rana ɗaya. Da farko za ka ji ana magana, amma kalmomin ba sa fita, musamman muryar mata da ta yara, ko in ana hayaniya. Sai ka ga kana ta cewa “Na'am? Me ka ce?” Sai ka riƙa ƙure rediyo iyali suna ƙorafi. Wani kuma ya riƙa jin shuuu a kunne ko da dare ya yi tsit. Tsufa ma yana kawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum miliyan 430 ne a duniya ke buƙatar taimako saboda matsalar ji, kuma fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da ita. Ashe ba abin kunya ba ne.

Sai maganar 'ya'yanmu, wadda ta fi damun mu. Yaro nawa muka doka muna cewa kunnen ƙashi gare shi, alhali da gaske ba ya ji? Kyanda, sanƙarau, hangum, da shawarar da ke kama jariri ta yi tsanani, duk suna iya kurmantar da yaro. Haka kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni, wanda muke cewa zai bari in ya girma. Ba bari yake yi ba, alama ce dodon kunnen ya huje. Wasu allurai ma, irin su gentamicin, suna lalata ji in an yi su barkatai, don haka a daina zuwa kemis ana cewa a yi wa yaro allura mai ƙarfi. Hukumar da muka ambata ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko yaron da ya kai shekara 2 bai fara haɗa kalmomi ba, a kai shi a gwada, kada a ce nauyin baki ne irin na gidansu.

Kuma don Allah mu raba kunnenmu da tsinken ashana, da gashin kaza, da murfin biro, da 'yan sandunan audugar nan. Tura dauɗar suke yi ciki. Kada a ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunnen da ke zubar ruwa.

Ina za a je? Nan kusa da mu asibitin koyarwa na UCH yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Na Legas suna da LUTH a Idi-Araba. Wanda ya je gida kuma, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Gwajin ba ciwo: abin sauraro za a sa maka, ka ba da alama duk lokacin da ka ji sauti. Wani dauɗa ce kawai ta toshe, a cire ya koma ji. Wani magani, wani aiki, wani kuma na'urar taimaka wa ji. Kada a sayi na'urar a bakin titi ba tare da gwaji ba, domin kowane kunne da awonsa, kamar tabarau. Wanda kuwa ya wayi gari kunnensa ya ɗauke farat ɗaya, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira.

Dattijonmu yanzu yana sanye da tasa na'urar. Ya ce abin da ya fi faranta masa rai shi ne ya koma jin karatun liman daga sahu na uku.

Muna roƙon ƙungiya abu uku. A tsayar da rana mu tafi gwaji rukuni-rukuni, shugabanni a gaba, don kunyar ta fita. A saya wa yaranmu masu aikin injin niƙa robar toshe kunne, a kuma matsar da janareto nesa da inda ake zama. Sannan a ware wani abu daga asusun taimako domin wanda kuɗin na'ura ya fi ƙarfinsa. Mu baƙi ne a garin nan, da kunne muke ciniki da Bayarabe da yarensa. In kunnen ya tafi, rabin jari ya tafi.

Allah ya kare mana jinmu da ganinmu.