ALAƘAR WUYA DA CIKI: MAƘOƘO, MATSARMAMA DA GISHIRIN DA MUKE CI

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro bisa damar da ya ba ni ta tsayawa a gaban waɗanda suka koya mini karatu. Kwamiti ya buƙaci in yi magana a kan wani abu da ya shafi lafiyar jama'armu ta Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Saboda haka na zaɓi wasu sassa biyu na jikin ɗan Adam waɗanda ke nesa da juna, ɗaya a wuya ɗaya a ciki, amma aikinsu a sarƙe yake. Abin da nake so mu tafi gida da shi shi ne, idan ɗaya ya sami matsala, to a duba ɗayan, kuma babban rigakafin yana nan a cikin ƙwaryar gishirin da ke ɗakin girkin kowannenmu.

MATSARMAMA DA AIKINTA

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana feɗe rago ya ga yadda yake lallaɓawa ya cire wata 'yar jaka koriya da ke manne da hanta, domin idan ta fashe ɗacinta zai ɓata naman. Wannan ita ce matsarmama, wasu kuma su ce maɗaciya. Mutum ma yana da ita, a ɓangaren dama na cikinsa, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba ita ke yin ruwan ɗacin ba, hanta ce ke yin sa, kimanin rabin lita ko fiye a kowace rana. Matsarmama rumbu ce kawai, wadda ba ta ɗaukar fiye da cokali uku zuwa huɗu. Tana ajiye ruwan, ta tsotse shi ya yi kauri, sa'an nan idan mutum ya ci abinci mai maiƙo, kamar ƙosai ko nama ko miyar da ta ji man gyaɗa, sai ta matse ta tura shi cikin hanji ta wata siririyar hanya.

Ruwan nan yana da aiki iri biyu. Na farko, yana narkar da maiƙo kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya, ta haka jiki ke iya shan bitamin A da D da E da K. Na biyu, hanya ce da hanta ke zubar da shara, watau ragowar jajayen ƙwayoyin jini da suka mutu da kuma rarar wani kitse da ake kira kolestarol. Idan ruwan ya daɗe a kwance, ko kolestarol ya yi masa yawa, sai ya fara daskarewa ya zama tsakuwa. Idan tsakuwar ta toshe hanya, sai sharar ta koma cikin jini, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi. Wannan na ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo shawara.

TAYIROD DA MAƘOƘO

Yanzu mu hau zuwa wuya. Ƙasa kaɗan da zakaran wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Likitoci na kiranta tayirod. Mu kuwa ba mu cika sanin tana nan ba sai ta kumbura, mu ce wance tana da maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da wani sinadari cikin jini wanda ke tsara saurin aikin jiki baki ɗaya: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, girman yaro da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, sai ka ga mutum kullum a gajiye, yana jin sanyi ko da bazara, fatarsa ta bushe, bayan gida ya yi masa tauri, jikinsa ya yi nauyi alhali bai ƙara cin abinci ba. Idan kuma ya yi yawa, sai rama, da zufa, da faɗuwar gaba, da rawar hannu.

Tayirod ba ta iya yin wannan sinadari sai da aidin. Abin da babba ke buƙata a rana maikirogiram 150 ne, mai juna biyu da mai shayarwa kuma 250. Idan aka tara duk abin da mutum zai buƙata tsawon rayuwarsa, bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Amma idan aka rasa wannan ɗan kaɗan ɗin, sai tayirod ta yi ta faɗaɗa don ta kamo abin da ya samu, har ta fito fili a wuya. Ya kamata a lura cewa ba duk mai maƙoƙo ne sinadarinsa ya yi ƙasa ba, kuma akwai waɗanda nasu ya yi ƙasa ba tare da wuyansu ya kumbura ba. Gwajin jini ne kaɗai ke rarrabewa.

INA SUKA HAƊU?

To jama'a, ina alaƙar wuya da ciki? Ta fuska uku ce.

Ta farko, mafi yawan sinadarin da tayirod ke fitarwa, wanda ake kira T4, tamkar hatsi ne da ba a surfa ba. Sai an mai da shi T3 kafin ya yi aiki sosai, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wannan surfe a wajen tayirod ake yin sa, musamman a hanta da ƙoda. Bayan ya gama aiki, hanta ce ke zuba wani kashi nasa cikin ruwan matsarmama zuwa hanji, inda jiki ke sake tsotse wani abu daga ciki. Ashe ke nan mai ciwon hanta yana iya samun tangarɗa a wannan fanni.

Ta biyu, ita ce ta fi shafar mu. Idan tayirod ta yi sanyi, hanta ma takan yi sanyi wajen kwashe kolestarol daga jini, ruwan ɗaci ya rage gudu, sa'an nan 'yar ƙofar da ke bakin hanyarsa ta shiga hanji ba ta saki yadda ya kamata. Ruwan da ke kwance kuwa, kowa ya san shi ke tara laka. A farkon shekarun 2000 likitocin birnin Tampere na ƙasar Finlan sun gano cewa ƙarancin aikin tayirod ya fi yawa a tsakanin masu tsakuwa a hanyar matsarmama fiye da sauran marasa lafiya, musamman mata masu shekaru.

Ta uku, shi kansa ruwan ɗacin yana aika saƙo. Wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda aka yi a kan ɓeraye, ya nuna cewa sinadaran da ke cikinsa na sa wasu sassan jiki su ƙara mai da T4 zuwa T3. Watau dai hanyar tana da zuwa tana da dawowa.

YADDA ABIN YA SHAFE MU

Aidin a teku ya fi yawa, mu kuwa ɗaruruwan kilomitoci ne tsakaninmu da teku. Gishirin da kakanninmu suka saba da shi, kantu da beza da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma, ba a sa masa aidin. Ko da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya fara kawo gishirin buhu, ba a riga an fara wannan tsari a ƙasarmu ba, duk da cewa Suwizalan ta fara a 1922, Amurka kuma a 1924. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfi idan aidin ya yi ƙaranci a jiki. Haka ma rogon da ba a jiƙa shi ya gyaru ba. Ba cewa nake a bar fura da tuwon gero ba, domin su ne ƙarfinmu. Cewa nake mai cin gero ya fi kowa buƙatar gishirinsa ya kasance mai aidin.

A 1993, lokacin da yankinmu ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, bincike na ƙasa ya nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka duba a Nijeriya na da maƙoƙo. A shekarar ce gwamnati ta wajabta sa aidin a duk gishirin ci, miligiram 50 a kowane kilo tun daga masana'anta. Hukumomin SON da NAFDAC suka sa ido, kuma a 2005, zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili a NAFDAC, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cim ma wannan buri. Shi ya sa ƙannenmu ba su cika ganin manyan maƙoƙon da iyayenmu ke ba da labari ba.

Amma fa nasara irin wannan shuka ce, sai da ban ruwa. Mu mutanen kan iyaka ne. Wanda ya shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai ga gishiri iri-iri, wani a buhu, wani a buɗe cikin tasa ana aunawa a rana. Gishirin da aka tanada don dabbobi ya fi araha, kuma idan rayuwa ta yi tsada, shi uwargida za ta fara kallo. Ko mai aidin ɗin ma, idan aka bar shi a buɗe cikin zafi da laima, ƙarfinsa raguwa yake yi. Asarar da ta fi girma kuwa ba a wuya take ba. Jaririn da mahaifiyarsa ta rasa aidin tana da cikinsa yana iya tasowa da raunin fahimta wanda babu malamin da zai iya gyarawa daga baya. Wannan magana ce da ta shafi makaranta kai tsaye.

Akwai kuma wani rukuni da bai kamata mu manta da su ba, watau masu sikila. Su jajayen ƙwayoyin jininsu na mutuwa da wuri, shara ta yi wa hanta yawa, saboda haka sukan sami tsakuwar matsarmama tun suna yara, ko da tayirod ɗinsu lafiya lau take. Idan yaro mai sikila ya yi kukan ciwo a gefen dama na ciki, kada a ce ai ciwonsa ne na kullum.

ABIN YI DA ABIN BARI

Alamar tsakuwar matsarmama ita ce ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama, galibi bayan cin abinci mai maiƙo, wanda kan harba zuwa kafaɗa ko baya, tare da tashin zuciya. Da yawa sukan shekara suna shan maganin olsa a kan wannan. Hoton sikanin na 'yan mintoci yana nuna ta. Idan ciwon ya haɗu da zazzaɓi ko rawayar ido, to ba abin kwana ba ne, asibiti za a nufa. Wanda aka samu da tsakuwa, musamman mace mai yawan kasala da jin sanyi, ya roƙi likita a yi masa gwajin jini na TSH. Ana iya farawa daga babban asibitin Ƙauran Namoda ko na Shinkafi ko na Zurmi, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan aka ce sai an cire matsarmama, kada a firgita. Hanta za ta ci gaba da yin ruwan ɗaci, ya riƙa zuba kai tsaye cikin hanji, mutum ya ci gaba da harkokinsa.

Wanda aka ɗora a kan maganin tayirod ya sha shi da sassafe da ruwa, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kuma ya ba da tazarar awa 4 tsakaninsa da ƙwayar ƙarin jini. Kada ya daina don ya ji sauƙi.

Abin bari kuwa, na farko sakiya da tsaga a kan maƙoƙo. Wuya matattarar manyan jijiyoyin jini ce, kuma maƙoƙo ba ƙurji ba ne balle a ce za a fitar da mugunya. Na biyu, abin da ake yaɗawa a wayoyin hannu cewa a sha man zaitun da lemun tsami a wanke matsarmama. 'Yan dunƙulen da ke fita bayan an sha, an gwada su an ga man ne da kansa ya daskare a hanji, tsakuwar gaske tana nan inda take. Na uku, kada jin amfanin aidin ya sa a cika wa miya gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini.

KAMMALAWA

Shugaba, ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, mu samo wa makarantarmu 'yan kwalaben gwajin gishiri, waɗanda ɗigo ɗaya ke sa gishiri mai aidin ya koma shuɗi, malamin kimiyya ya sa kowane ɗalibi ya kawo ɗan gishirin gidansu a gwada a gabansa. Yaron da ya gani da idonsa shi zai kai saƙon gida. Na biyu, mu roƙi hukumar makaranta ta tabbatar duk gishirin da ke shiga tukunyar ɗalibai na cikin leda ne mai lambar NAFDAC, kuma a ajiye shi a rufe nesa da murhu. Na uku, 'yan'uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikin ƙungiyar nan su ware rana ɗaya a shekara su duba wuyan ɗalibai da na iyayensu mata, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin gwajin jini ga waɗanda ba su da hali, ganin yadda matsalar tsaro ta shekarun nan ta sa zuwa Gusau ya zama aiki ga mutanen ƙauyukanmu.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. A wannan al'amari kuwa, rigakafin bai kai kuɗin motar zuwa asibiti ba. Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka makarantarmu, ya zaunar da yankinmu lafiya.