Yadda Aka Auna Numfashin Wani Daji A Ƙasar Amurka

 

Abin da zan yi muku bayaninsa yau shi ne aikin wani masani Ba'amurke, Steven Wofsy, malami a Jami'ar Harvard, wanda ya kafa wani awo da aka shekara fiye da talatin ana yinsa domin amsa tambaya guda. Tambayar kuwa ita ce: iskar da daji ke sha daga sararin sama, da wadda ya ke mayarwa, wace ce ta fi yawa?

Sai mun fara sanin ko wace iska ce. Duk wanda ya taɓa ganin an toya gawayi ya san idan aka raba itace da ruwansa da hayaƙinsa, wani baƙin abu ke saura. Wannan shi masana ke kira kabon, kuma wajen rabin nauyin busasshen itace shi ne. Yawancin mutane suna zaton daga ƙasa itace ke samunsa, amma ba haka ba ne, daga iska ya ke jawo shi. Cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani ɗan kaso da kabon ke ciki, wanda za mu kira iskar gawayi. Ganye ke shanta da rana, ya haɗa ta da ruwa bisa taimakon hasken rana, ya mai da ita jikin itace. Sa'an nan itacen nan kansa yana fitad da ita dare da rana kamar yadda dabba ke yi, haka kuma ganyen da ya kaɗe da saiwar da ta mutu, in suna ruɓa cikin ƙasa, iskar nan su ke saki.

Ashe ke nan sha'anin daji kamar na baitulmali ne. Akwai shiga, akwai fita, kuma ba a cewa baitulmali ya yi arziki don an ga haraji ya shigo da yawa, sai an fid da abin da aka kashe an ga saura.

Dalilin da ya sa aka damu da lissafin nan shi ne iskar gawayi tana riƙe zafi a sararin duniya. A shekarar 1958, sa'ad da wani masani, Charles Keeling, ya fara aunata a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, ta kai wajen kashi 315 cikin miliyan. Yanzu ta haura 420, saboda ƙona kwal da man fetur da sare dazuzzuka. An kuwa lura ba dukan abin da mutane ke saki ke zama a sama ba. Teku na shan wani kashi, tudu na shan wani, amma ba a san wurin da na tudun ke shiga sosai ba sai da aka auna.

Dajin da aka yi aikin nan yana garin Petersham cikin jihar Massachusetts, kamar mil 70 yamma da birnin Boston, yana hannun jami'ar tun 1907. A 1989 Wofsy da abokan aikinsa suka kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon kusan ƙafa 100, har kanta ya zarce itatuwa. Suka haɗa ta da na'urori iri biyu. Ɗaya tana duban motsin iska, ko sama ta yi ko ƙasa, ɗayar kuma tana auna yawan iskar gawayin da ke ciki, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Dabarar ita ce, iska a kan daji ba miƙe ta ke tafiya ba, jujjuyawa ta ke kamar 'yar guguwa, wata ta nutsa cikin ganye, wata ta taso. In wadda ta taso ta kasa wadda ta nutsa iskar gawayi, to, daji ya sha ke nan. In ta fi, ya fitar. Tun daga ƙarshen 1991 a ke tara lissafin kowace sa'a, da zafi da sanyi, kuma ba wani daji a duniya da ke da rajista irin wannan mai tsawon tasa.

Aikin bai rasa cikas ba. In dare ya yi tsit ba iska, abin da ƙasa ke fitarwa ba ya tashi ya kai kan hasumiya, sai ya kwanta ya gangara kwari kamar ruwa, na'ura ba ta gan shi ba. Wanda ya amince da lissafin irin wannan dare zai rubuta fita kaɗan, ya ba daji ribar da bai ci ba. Saboda haka suka riƙa ware waɗannan sa'o'i suna cike gurbinsu da awon dararen da iska ta kaɗa. Ba su tsaya nan ba, kuma a ganina wannan shi ne mafi kyaun abin da suka yi: suka buɗe littafi na biyu. Suka shiga dajin da ƙafa, suka ɗaura wa ɗaruruwan itatuwa zoben awo don ganin ƙaruwar kaurinsu, suka ƙidaya waɗanda suka mutu da waɗanda suka faɗi. Da aka buga sakamakon a 2001, hasumiya ta ce daga 1993 zuwa 2000 dajin yana ajiye kabon wajen tan 2 kowace shekara a kowace hekta, watau eka biyu da rabi. Awon hannu ya ce wajen tan ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Kowane ma'aji ya san darajar littattafai biyu da aka rubuta dabam dabam suka zo kusa da juna haka.

Ku lura da ƙanƙantar wannan saura. Abin da ganye ke sha a shekara ya fi tan 10 a hekta, mafi yawansa kuwa komawa sama ya ke yi. Don haka abu kaɗan ya isa ya girgiza lissafin. In ganye ya riga lokacinsa fitowa da 'yan kwanaki, ko gizagizai suka rufe rana tsakiyar lokacin girma, ko dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa ta hana ta daskarewa har ruɓa ya ci gaba cikin hunturu, sai ka ga ribar bana ta bambanta da ta bara da fiye da rabi. Da shekara guda aka auna aka naɗe kaya, da an yi kuskure babba. Ga shi kuma an zaci shan zai riƙa raguwa yayin da itatuwa ke tsufa, sai aka tarar daga 1992 zuwa 2004 ya kusan ninkawa.

Me ya sa dajin nan ke ajiya haka? Amsar tana cikin tarihinsa. Wajen 1850 yawancin ƙasar nan gonaki ce da makiyaya, har yau ana iske katangun duwatsu na iyakar gona a tsakiyar kurmi. Manoma suka tashi zuwa yamma da biranen masaƙu, itatuwa suka koma. A watan Satumba na 1938 kuma wata babbar guguwa ta kayar da mafi yawan manyansu. Dajin da hasumiya ke aunawa, ashe, yana kan biyan bashin abin da aka ɗebe masa ne. Lalle kada wani ya ɗauki tan biyun nan ya ɗora wa gandun dajin gundumarsa, gama namu yana da dogon rani da gobara da kiwo, lissafinsa dabam ne.

Saura ɓangaren fita, inda hatsarin ya ke. A wannan daji dai, a 1991, wani masani, Jerry Melillo, ya binne wayoyin lantarki cikin wasu 'yan filaye, ya ɗumama ƙasarsu ta fi ta kewaye da digiri 5, bai daina ba shekara da shekaru. Yana so ya ga abin da zai faru in duniya ta ƙara zafi. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye suka ƙara ci, suka lafa, suka sāke tashi. Da aka buga sakamakon a 2017, bayan shekara 26, filayen da aka ɗumama sun rasa wajen kashi 17 cikin ɗari na kabon ɗin da ke cikin ƙasarsu zuwa zurfin ƙafa biyu.