Allura Da Zare: Hutun Da Ba Ya Cin Kuɗi

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Sabo, Badun)

 

Na san akwai mai cewa a ransa, to, ga kuɗin haya, ga tsadar mota, ga kuɗin makarantar yara, a rasa abin da za a tara mu a kai sai ɗinkin hannu? Ku ɗan yi mini haƙuri, domin waɗannan matsalolin ne ma suka sa na zaɓi wannan magana. Zaman Kurmi zama ne na zullumi. Mai goro yana lissafin huhun da zai lalace, mai shanu yana jiran tirelar da ba a ji labarinta ba, mai tumatir kuwa tun rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 ba ya barci da ido biyu. In mun dawo gida da yamma, maimakon zuciya ta sauka, sai mu ɗauki waya mu shiga kallon labarin tashin hankali har dare ya raba. Ku duba yadda hawan jini ya yi yawa a cikinmu, har ga waɗanda ba su kai hamsin ba. Ban ce allura za ta maye gurbin maganin da likita ya ba ka ba, a'a, ka ci gaba da shan abinka. Abin da nake cewa shi ne, hannu in ya sami aiki mai laushi wanda ake maimaitawa, soka nan fito can, to hankali yakan bi hannun, tunanin kasuwa ya ja baya. Ba ka iya ƙirga sukar allura kana ƙirga bashi a lokaci guda.

Wani zai ce ai wannan aikin mata ne. Wanda ya faɗi haka bai san tarihin rigar da ke wuyansa ba. A ƙasar Hausa ɗinkin babbar riga da na hula sana'ar maza ce tun asali, kuma yawanci malamai da almajirai ne ke yinta. Malami ne zai ɗauki alƙalami da tawada, irin dai wanda yake rubuta allo da shi, ya zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, ya zana tambari da dagi, sa'an nan ya miƙa wa maɗinka su bi zanen. Almajirai nawa suka ci suka sha da ɗinkin hula a zaure? Daga baya ne mata suka shigo da ƙarfinsu, musamman a birnin Zariya, inda suke ɗinkin manyan riguna a cikin ɗakunansu. Hatta a Ingila, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, an riƙa koya wa sojojin da suka ji rauni wannan ɗinki a gadon asibiti, don hannunsu ya saki, hankalinsu kuma ya kwanta. Sojoji fa, jama'a, ba amare ba.

Ga wani abin da ya shafe mu mu mazauna nan. An kafa Sabo a 1916, amma zarenmu ya riga mu zuwa ƙasar Yarbawa. Zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, shi ne suke kira sanyan. Jan alharinin nan da fatake suka riƙa kawowa ta hamada a da, shi ne alaari a bakinsu. Ku dubi ƙirjin agbada ta manyansu da kyau, za ku ga dangin zanen rigunanmu da na Nufawan Bida. To abin da maƙwabta suka karɓa suka riƙe da daraja, bai kamata a ce yaron da aka haifa a Sabo bai san yadda ake zura zare a kafar allura ba.

Yanzu bari in zo kan yadda ake farawa, don shi ne abin da na fi so ku tafi da shi.

Kada ka fara da shadda, kada ka fara da hula. Shadda tana da tauri da santsi, ga tsada, in ka ɓata ta sai hutun ya koma baƙin ciki. Hula kuma aiki ne na makonni, sai wanda hannunsa ya faɗa. Nemi farin yadi na auduga, ko da ragowar da tela ya zubar ne, ka yanki kamar faɗin hankici. Ka wanke shi tukuna ya gama tsukewarsa, domin in ka yi ɗinki a kan sabon yadi, ranar da ya ga ruwa sai aikin ya tattare. Sa'an nan allura guda biyu ko uku masu ɗan faɗin kafa, almakashi ƙarami, fensir, da zare kala biyu. Biyu kawai. Duk wannan ana samunsa wurin masu kayan ɗinki a Dugbe ko Gbagi. Akwai wani zobe na katako ko roba da ake ɗame ƙyalle a ciki. Maɗinkanmu na gargajiya a hannu suke riƙewa, amma ga sabon shiga zoben yana taimako ƙwarai, don ƙyallen ba zai yamutse ba.

Zaren da ake sayarwa a ɗaure, mai sili shida, kada ka zura shi gaba ɗaya. Ka raba, ka ɗauki sili biyu ko uku. Tsawonsa kuma kada ya wuce kamu guda, wato daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Mai haɗama yakan yanko dogo don kada ya yi ta zurawa, sai zaren ya harɗe, ya ƙulle, ya zauna yana tsaki. In zaren ja ne ko shuɗi mai duhu, jiƙa guntunsa ka goga a farin ƙyalle ka gani ko yana zuba.

Ɗinki uku sun ishe ka wata guda. Na farko shi ne miƙaƙƙen ɗinki, ka ja layi da fensir ka bi shi, kana ƙoƙarin tazarar ta zo daidai. Na biyu mai kama da sarƙa, inda kowace suka ke barin ɗan hanko, ta gaba ta fito ta cikinsa. Da shi ake bin layi mai lanƙwasa. Na uku shi ne ciko, a jera zare kusa da kusa har fatar yadin ta ɓace. 'Yan ƙananan ramukan nan da kuke gani jere a aska takwas, waɗanda ake zagaye bakinsu da zare kamar ramin maɓalli, ku bar su sai gaba. Su ne ke cin ido, su ne kuma ke sa riga ɗaya ta ɗauki watanni. Zanen farko kuwa, zana ganye, ko tauraro, ko harafin farko na sunanka. Iyayenmu mata, ku da ma kun san rigar filo da zanen gado, nan ne wurin farawa mai kyau.

A nan nake so ku saurare ni sosai, musamman 'yan kasuwa. Halinmu ne duk abin da muka taɓa sai mun tambayi nawa zai kawo. Da zarar ka fara lissafin nawa za ka sayar, to ka mayar da shi kasuwa ta biyu, kuma keken surfani na lantarki zai gama cikin yini abin da za ka yi wata kana yi. Ba za ka iya tsere da shi ba. Ka ɗauki minti ashirin ko talatin bayan la'asar, ka kife waya, ka yi abin da ya samu, ka ajiye. In layi ya karkace, ka warware ko ka bar shi, babu mai biyanka balle ya yi maka faɗa. In daga baya hannunka ya yi kyau har wani ya ce a yi masa, wannan wata magana ce daban.

Sai 'yan abubuwan kiyayewa. A yi da hasken rana, a bakin ƙofa ko zaure, kada a dogara da wutar NEPA ko fitilar waya, ido ba shi da na canji. Wanda ya haura arba'in, in ya ga kafar allura tana ɓace masa, ya je a auna shi a ba shi tabarau, ba abin kunya ba ne. A riƙa ɗaga kai ana duban nesa, ana miƙe wuya. Laimar garin nan ba irin ta Kano ko Sakkwato ba ce, allura tana tsatsa da wuri, don haka kada a bar ta soke a jikin aikin, tsatsar za ta bar tabon da ba ya fita. A sa ta a kwalba mai murfi. Kuma don Allah kada a yar da allura a kan tabarma, gidajenmu cike suke da yara masu rarrafe. In an gama aka wanke, a yi guga ta bayan ƙyallen don ɗinkin ya taso.

Muna da tsofaffi a unguwar nan waɗanda suka ɗinka hula shekara da shekaru kafin ido ya gaza, suna zaune babu mai tambayarsu komai. Na yi magana da biyu daga cikinsu, sun yarda za su riƙa zama a zauren ƙungiya ranar Asabar bayan la'asar su nuna wa duk mai so. Ɓangaren mata kuma shugabarsu za ta sanar da gidan da za a riƙa haɗuwa. Kowa ya zo da ƙyallensa da allurarsa, zare kuwa na makon farko ni zan kawo. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.