Mayyar Littafi da Zabiyar Aji



Kalmar "mayya" a bangon littafi ta isa ta sa uba ya fizge shi daga hannun 'yarsa, kuma ba mu ga laifinsa ba. A wurinmu maita ba abin wasa ba ce: maye shi ne wanda ake cewa yana kama kurwar mutum, zargin kuwa ya sha raba tsohuwa da gidanta. To amma gani ya kori ji. Shi ya sa muka karanta Akata Witch, ƙagaggen labarin matasa da Nnedi Okorafor ta fitar da Turanci a 2011, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a Nijeriya da sunan What Sunny Saw in the Flames.

Tauraruwar labarin, Sunny, 'yar shekara 12 ce, haifaffiyar Amurka, iyayenta Ibo suka dawo da ita garin Aba. Zabiya ce. Tana son ƙwallon ƙafa, rana kuwa tana ƙona mata fata, 'yan ajinsu suna yi mata ba'a. Daga baya ta gano cewa tana cikin wata ɓoyayyar al'umma mai baiwar tsafi, ita da abokanta uku suka tunkari wani mugu mai kashe yara. Ba ta cin kurwar kowa. Ceton yara ta fita yi.

Abu biyu suka tsaya mana a rai. Na farko, a wannan duniyar ba a samun kuɗi sai an koyi wani abu: da zarar yaro ya fahimci sabon darasi, kuɗin ƙarfe za su zubo a gabansa, na tagulla kuma sun fi na zinariya daraja. Na biyu, abin da mutane ke ɗauka naƙasa shi ne tushen baiwar mutum. Orlu, wanda haruffa ke rikice masa, shi ne gwanin warware sihirin wasu. Wane malami ne ba shi da Orlu a kujerar baya?

Ba mu ce littafin ya dace da kowane aji ba. Akwai ban tsoro a ciki, akwai kuma tsafe-tsafen da suka saɓa wa aƙidar gidaje da yawa. Sai dai ba yau muka fara ba yara labarin abin da ido bai gani ba. Dodo na cikin tatsuniya, aljanu na cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934, kuma ba su hana kowa sanin gaskiya daga ƙirƙira ba, domin akwai babba a kusa yana warwarewa.

Don haka roƙonmu shi ne kada mu ƙwace littafi kafin mu karanta shi. Mu zauna da ɗalibi mu tambaye shi: wa aka zalunta a labarin nan, kuma don me? Daga nan mu kai shi ga zabiyar da ake tsokana a filin makaranta, da tsohuwar da yara ke jifa a unguwa. Ranar 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, dama ce ta wannan darasi.